Ciwon da Muka Shekara Uku Muna Kira Basir

Wannan makon labari muka kawo muku, na abin da ya faru a tsakaninmu, mu 'yan sashen kiɗa da waƙa. Mun san wasu za su yamutsa fuska su ce wannan ba maganar da za a yi a bainar jama'a ba ce. Wanda abin ya shafa ne da kansa ya ce mu rubuta, sharaɗinsa ɗaya kawai, kada a sa sunansa. Muka ce masa ai duk wanda ke sujada tare da mu zai gane ka. Ya ce ya sani, na gida sun riga sun ji, na nesa yake so su amfana.

Ɗan'uwan namu tela ne, shi ne kuma mai buga mana ganga. Sana'arsa zama, hidimarsa ma zama. Abin da muka fara lura da shi shi ne ɗan matashin kai da ya riƙa zuwa da shi koyon waƙa a cikin leda. Ya ɗora a kan kujerar ganga, ya zauna a karkace, mu kuma mu yi ta tsokanarsa cewa tsufa ya zo masa tun bai yi aure ba. Yakan yi dariya tare da mu.

Kafin matashin kan, akwai makon da bai zo ba sam. Ya aiko cewa zazzaɓi ne. Zazzaɓin gaskiya ne, amma abin da ya kawo shi maruru ne da ya fito masa dab da dubura, ya kumbura, ya hana shi barci kwana biyar, sannan ya fashe da kansa cikin dare. Da mugunyar ta fita sai ya ji kamar an sauke masa kaya. Ranar Lahadi ya ba da shaida cewa Ubangiji ya warkar da shi, muka yi tafi. Bayan wata biyu kumburin ya dawo a daidai wurin, ya sake fashewa. Daga nan wani ɗan rami ya zauna a wurin, ƙarami kamar hujin kunne, yana tsatsar ruwa mai wari. In ya rufe kwana kaɗan sai zafi ya taru, in ya buɗe sai zafin ya lafa, wando ya ɓaci. Ya daina sa farin wandon ƙungiyar mawaƙa. Ya koma yawan fesa turare. In an tashi daga sujada shi ne na ƙarshen miƙewa, sai ya waiwaya ya duba kujera tukuna.

Da ya gaji ya gaya wa biyu daga cikinmu, kalmar da ya yi amfani da ita ita ce basir. Nan take dukanmu muka zama likitoci. Wannan ya kawo sassaƙe daga ƙauyensu, wancan ya sayo jiƙo a gora daga masu lasifika na bakin tasha, wani ya hana shi barkono da zama a kan siminti. A kemis aka ba shi kafso iri-iri. In ya sha sai tsatsar ta ragu mako ɗaya ko biyu, mu ce an dace, sannan ta dawo. A taron addu'a kuwa sunan ciwon "buƙata ta musamman". Mun yi azumi dominsa, kuma ba mu da na-sanin addu'a ko guda da muka yi. Abin da ke damunmu shi ne a cikin shekara uku babu wanda ya ce masa, tashi mu je a duba wurin da ido.

Shi kansa yana da dalilin da ya sa bai je ba, sai daga baya ya faɗa mana. Kunyar tuɓewa na ciki, amma babban tsoronsa shi ne a zarge shi da wani hali. Ya ji ana cewa irin wannan ciwo ba ya samun mutum haka kawai. Wannan magana ƙarya ce, kuma ta cuci mutane da yawa. Yawancin masu wannan ciwo ba abin da suka aikata, daga cikin jiki yake tasowa, kamar yadda haƙori ke yin rami.

An riga an yi masa baiko a lokacin. Sau biyu ya ɗaga ranar aure, na farko ya ce kuɗi, na biyu ya ce ɗakin bai ƙarasa ba. 'Yar'uwarmu da zai aura ta ɗauka ya daina sonta ne, iyayenta kuma suka fara tambayar dattawan ikilisiya ko akwai wata magana. Ita ce ta kai kuka wurin wata Mama a Zumuntar Mata, tsohuwar nas da ta yi ritaya. Mama ta aika aka kira shi. Da kyar ya furta kalmar basir, kansa a sunkuye.

"Ɗana, jini kake gani ko mugunya?"

"Mugunya ce, Mama. Wani lokaci da ɗan jini."

"Daga ciki take fitowa ko daga gefe?"

"Daga gefe. Akwai ɗan rami."

"Akwai likitan da ya taɓa dubawa?"

"A'a, Mama."

"To wa ya gaya maka basir ne?"

Ba shi da amsa, mu ma da ya ba mu labari ba mu da ita. A wurinmu duk abin da ya taɓa wannan sashe na jiki basir ne. Amma basir na gaskiya jijiyoyin jini ne da ke kumbura a ƙarshen hanyar bayan gida. Alamarsa jan jini lokacin fita bayan gida, ko tsiro da ke leƙowa. Abin da ke damun ɗan'uwanmu daban ne. Likitoci suna kiransa fistula. Da yawanmu mun san kalmar ta wajen matan da ke fama da yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda. Ma'anar ɗaya ce, wato ɓarauniyar hanya da ta haɗa wurare biyu da bai kamata su haɗu ba, sai dai wuri da sanadi sun bambanta.

Ga yadda aka bayyana mana. A cikin dubura, ɗan tazara kaɗan daga baki, akwai wasu 'yan ƙananan buhunan majina da ke buɗewa zuwa cikin hanyar. In bakin ɗaya ya toshe, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki, sai mugunya ta taru ta nemi mafita ta cikin nama har ta ɓullo a fata. Wannan shi ne marurun farko. Ga mutane da yawa, da zarar an tsaga an fitar da mugunyar, shi ke nan. Amma ga kusan mutum ɗaya cikin uku, hanyar da mugunyar ta bi ba ta rufewa. Takan zama kamar bututu mai baki biyu, ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Kullum ƙazanta na shiga ta bakin ciki, don haka duk abin da aka shafa a bakin waje aikin banza ne, kuma kafso ba ya rufe bututu. Ciwon ya fi samun maza, kuma yawanci masu ƙuruciya irinmu.

Akwai kuma ramin da ke da baki ɗaya kawai, ya shiga cikin nama ya tsaya bai kai hanji ba. Shi ma yana tsatsa, kuma da ido ba a rarrabe shi da mai baki biyu sai an bincika. Wani irinsa yakan fito can sama, a tsagin da ke ƙasan ƙashin baya, inda gashi ke nutsewa cikin fata. Wannan ba ruwansa da hanji ko kaɗan, aikinsa ma daban ne. Ciwo uku ko huɗu ke nan masu kama da juna, mu kuwa suna ɗaya muka ba su, magani ɗaya muka riƙa ɗura wa ɗan'uwanmu.

Mama da biyu daga cikinmu ne suka raka shi asibiti, sashen likitocin tiyata. Likitan ya fara da tambayoyi: tun yaushe, sau nawa ya kumbura, ko yana yawan zawo, ko ya rame, ko yana tari mai daɗewa, ko yana iya riƙe iska da bayan gida yadda ya kamata. Ya sa aka gwada suga da ƙanjamau. Ɗan'uwanmu ya ji haushin gwajin, ya ɗauka zargin da yake tsoro ne ya tabbata. Mama ta ce masa kowa ake yi wa. Ciwon suga da raunin garkuwar jiki suna hana irin wannan ciwo warkewa, kuma wani lokaci tarin fuka ko wani kumburin hanji da ake kira Crohn ne ke ɓoye a bayan ramin. In ba a gano su ba, ko an yi tiyata sai ya dawo.

Dubawar kanta, wadda ya shekara uku yana gudu, ba ta kai minti goma ba. Ya kwanta ta gefen hagu, ya naɗe gwiwoyi, aka rufe shi da zane sai wurin da ake buƙata. Likita ya duba bakin ramin, ya sa safar hannu ya taɓa ya ji bututun kamar igiya a ƙarƙashin fata, ya sa yatsa ya nemo bakin ciki. Da suka fito ɗan'uwanmu ya ce wa Mama, "Shi ke nan?" Ta ce, "Shi ke nan, ɗana. Me ka ɗauka za a yi maka?"

Likitan ya zana masa hoto a bayan kati, kuma wannan kati ya zagaya hannunmu duka. Ya ja layi ya raba da'ira biyu, gaba da baya. Ya ce in bakin waje yana gaban layin, yawanci bututun a miƙe yake shiga. In yana bayansa, yakan lanƙwasa ya je ya buɗe a tsakiyar baya. Wani likitan Ingila mai suna Goodsall ne ya tsara wannan ƙa'ida, ya yi aiki a asibitin St Mark's na Landan, wanda aka kafa a 1835 musamman domin talakawa masu fama da wannan ciwo da makamantansa. Ƙa'idar ba kullum take cika ba, shi ya sa in ramin na da rassa ko ya taɓa dawowa bayan tiyata ake neman hoton MRI. Hoton na da tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Ga ɗan'uwanmu, likita ya ce zai ƙarasa binciken a ɗakin tiyata bayan an kashe masa zafi, da siririn ƙarfe mai dakusasshen kai da ake bin hanyar da shi a hankali.

Sai ya zo kan maganar da ta fi tsorata mu. Zoben tsoka biyu ne ke kewaye da dubura. Na ciki yana aiki da kansa ko muna barci, na waje shi ne wanda muke matsewa da gangan in bayan gida ya kama mu a kan hanya. Bututun fistula yakan ratsa waɗannan zobba, wani a ƙasa-ƙasa, wani a can sama. Tun 1976 wani likita mai suna Alan Parks da abokan aikinsa suka kasa shi gida huɗu bisa yadda yake bi ta tsakanin tsokar, kuma har yau da wannan rabon ake aiki. In hanyar ta ratsa tsoka kaɗan, sai a tsaga rufinta daga baki zuwa baki a bar ta a buɗe, kuma wannan shi ne aikin da ya fi warkarwa. In ta ratsa da yawa aka tsaga haka, ramin zai warke amma mutum na iya rasa ikon riƙe bayan gida har ƙarshen ransa. Likitan bai ɓoye masa ba. Ya ce ya gwammace ya yi aikin sau biyu da ya yanke abin da ba zai iya mayarwa ba.

A nan ne muka gane hatsarin da muka kusa jefa shi a ciki, domin akwai lokacin da ɗayanmu ya ba shi shawarar zuwa wurin wani mai yankan basir a gida. Wanda bai san inda zobban nan suke ba, bai kamata ya kai wuƙa wurin ba.

Mun haɗa kuɗi, Zumuntar Mata ta cika. Ranar tiyata aka yi masa allura a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, idonsa biyu. Da aka fito da shi muka tarar yana fushi. "Ba su gama ba," in ji shi, "sun bar ni da zare." Gaskiya ne, akwai wata siririyar roba mai laushi da aka zura ta bakin waje ta fito ta na ciki aka ɗaure kamar zobe. Mu ma ranmu ya ɓaci, har wani ya fara cewa an ci kuɗinmu. Da likita ya zo zagaye ya bayyana cewa ya tarar da wani aljihun mugunya a gefe, naman duk ya kumbura, ba zai iya tantance yawan tsokar da bututun ya ratsa ba. Robar za ta hana bakin rufewa, mugunya ta riƙa fita, kumburi ya sauka, sannan a ga gaskiyar abin. Ya kuma ɗebi ɗan nama ya aika ɗakin gwaji.

Wannan dabarar zare tsohuwa ce ƙwarai. Tun zamanin Hippocrates na Girka, ƙarnuka kafin haihuwar Almasihu, aka rubuta yadda ake zura zaren lilin da gashin doki a irin wannan rami. Ɗaya daga cikinmu mai son karatun tarihi ya zo masa da labarin Sarki Louis na 14 na Faransa, wanda wannan ciwo ya kama a 1686. Watanni ana gwada man shafawa da ruwan magani ba nasara, kamar dai mu da sassaƙenmu. Daga ƙarshe likitan fiɗarsa, Charles-François Félix, ya koyi aikin a jikin talakawa marasa lafiya, ya ƙera wuƙa ta musamman, ya yi wa sarki tiyata ranar 18 ga Nuwamba, ba allurar kashe zafi domin babu ita a lokacin. Sarkin ya warke, har wasu fadawa suka riƙa neman a yi musu irin aikin da aka yi wa mai gida. Ɗan'uwanmu ya yi dariya karon farko tun da aka kwantar da shi, ya ce ashe ciwon sarakuna ke damunsa. Mama kuwa ta ce talakawan da aka koya a jikinsu ne suka ba ta tausayi.

Wata uku ya yi da robar. Yana tafiya, yana ɗan aiki a tsaye a teburin yanka, yara na taka keke. Ba daɗi, amma kumburi da zazzaɓin nan na dare ba su sake dawowa ba. Sakamakon naman ya fito babu tarin fuka, babu wani abin tsoro. A tiyata ta biyu likita ya ga tsokar da hanyar ta ratsa kaɗan ce, sai ya tsaga ya kankare cikinta. Da ta yi yawa, ya ce, da wata hanya zai bi: ko a ɗaure bututun a tsakanin zobban biyu a yanke shi, dabarar da wani likita a Tailan ya fito da ita a 2007, ko a jawo fatar cikin hanji a rufe bakin ciki. Waɗannan suna kare tsoka, amma ciwon ya fi saurin dawowa bayansu.

Ba a yi masa ɗinki ba, kuma wannan ya sake tayar mana da hankali. Tela ne, a saninsa abin da aka yanka ɗinke shi ake yi. Amma in aka ɗinke fatar sama, ko ta rufe da wuri alhali ƙasa na nan da rami, an sake gina bututun ke nan. Dole nama ya ciko daga ƙasa zuwa sama. Don haka aikin da ya rage na haƙuri ne. Zama a bahon ruwan ɗumi safe da yamma da kuma bayan kowace fita bayan gida. Wankin ciwo da sauya auduga kullum. Shan ruwa da yawa, da cin ganye, wake, kuɓewa, zogale da gwanda, da maganin da ke tausasa bayan gida, domin kada ya yi yunƙuri. Ya ce fitarsa ta farko bayan tiyata ta fi tiyatar ba shi tsoro, har ya so ya daina cin abinci. Mama ta ce masa yin haka shi zai sa bayan gidan ya yi tauri ya fi zafi. An gargaɗe mu cewa in ya yi zazzaɓi, ko fitsari ya ƙi fita, ko jini ya ƙi tsayawa, mu dawo da shi ko da tsakar dare ne.

Muka raba kwanaki. Wani ya dafa ruwa, wani ya kai shi wanki a keke napep yana kishingiɗe ta gefe, wani ya leƙa shagon. Mu da muka shekara uku ba ma iya kiran sunan wurin, sai ga mu muna tambayar juna ko audugar yau ta fi ta jiya bushewa. Da Baba Fasto ya zo gaishe shi, ya tuna mana da Sarki Hezekiya, wanda ya yi addu'a da hawaye a kan gadon ciwo, kuma annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurunsa. Ya ce addu'ar da maganin a ɗaki ɗaya aka yi su. Sai ya kalle mu ya ƙara da cewa kada ya ji wani ya je ya tsinko ɓaure, muka fashe da dariya, domin ya san halinmu.

Mako takwas ciwon ya ɗauka kafin ya cike. Yana riƙe bayan gida lafiya. Likita ya ce masa ciwon kan dawo wa wasu, don haka in ya sake ganin danshi ko ya ji kumburi kada ya jira. Mu kuma ya ba mu saƙo ga duk wanda muka sani: maruru mai zafi kusa da dubura, musamman in da zazzaɓi, kuma musamman ga mai ciwon suga, a ranar ake kai shi asibiti a tsaga. Mugunyar da aka bari a wannan wuri tana iya yaɗuwa ta ci nama cikin kwanaki kaɗan, har ta kai ga rai.

'Yar'uwarmu ba ta yafe masa nan take ba. Ta ce ciwo ba laifinsa ba ne, amma barinta shekara biyu tana zargin kanta laifinsa ne, kuma ba mu ga abin da za mu ce a kan haka ba. Sun sasanta, an ɗaura aure bayan girbi.

Makon da ya biyo bayan ranar da ya tsaya ya faɗi labarinsa a zumunta, mutum uku suka bi Mama gida, kowa shi kaɗai, kowa da dare. Ta tura su duka asibiti. Ɗaya basir ne na gaskiya, ɗaya tsagewar fata ce da magani ya isar mata, na ukun an sa masa ranar tiyata a wata mai zuwa, kuma ɗan'uwanmu ya ce shi zai riƙa dafa masa ruwan baho.